Wane lokaci ne na shekara ya fi hana matasanmu motsa jiki a Kaduna?

Malamin Sakandare, Tudun Wada:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure. Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin garin Kaduna, kuma a bana hukumar makarantar ta ɗora mini alhakin tsara jadawalin wasanni da motsa jiki na shekara guda, tun daga zangon farko har zuwa na uku. Akasarin abin da mutum zai samu a intanet game da yadda yanayi ke shafar motsa jikin yara an rubuta shi ne a kan Turai da Amurka, inda maganar ba ta wuce cewa yara sun fi fita wasa a lokacin zafinsu, sun kuma fi zama a ɗaka a lokacin sanyinsu saboda ƙanƙara da gajartar yini. Wannan bayani bai dace da mu ba. A Landan rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, alhali mu a nan bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa guda da 'yan mintoci ba. Abin da muke da shi shi ne damina da kaka da hunturu da bazara, sannan ga azumi wanda yake zagayawa a cikinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu abin da ya kai minti 60 a kowace rana yana motsa jiki irin wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga, zuciyarsa ta ƙara sauri. A yadda nake ganin ɗalibaina, akwai watannin da ba na shakkar suna cika wannan adadi har su wuce, akwai kuma watannin da ko rabinsa ba sa samu, sai dai ban iya tsayar da magana a kan wane lokaci ne ya fi cutarwa ba, domin duk abokin aikin da na tambaya amsarsa daban.

Tambayata ga masana da masu ƙwarewa ita ce, a cikin lokutan nan na shekara wanne ne ya fi rage wa matasa motsa jiki a Kaduna, kuma mene ne dalili? Sannan idan mutum zai tsara wa yara wasanni, me ya kamata ya sa a kowane zango, me kuma ya kamata ya kauce masa? Allah ya saka da alheri.

Kocin Yara, Rigasa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni a wurina amsar a fili take, damina ce, kuma ba don yara suna tsoron jiƙa ba, domin duk wanda ya san yaran unguwa ya san cewa da za a bar su, a cikin ruwan ma za su buga ƙwallonsu suna murna. Matsalar ta fili ce da kuma ta lokaci.

Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. A farkon damina hadari yakan haɗu ne da yamma, wato daidai tsakanin la'asar da magariba, wanda shi ne kaɗai lokacin da ɗan makaranta yake da sararin fita. Idan aka shiga marka a watan Agusta kuwa, ana iya wuni ana yayyafi, kuma filayenmu na unguwanni ba irin na Filin Wasa na Ahmadu Bello ba ne da aka yi wa ciyawa da magudanar ruwa. Jar ƙasa ce wadda idan ta sha ruwa take zama laka mai santsi, kwana biyu ba ta bushe ba. Wani filin ruwa ya kwanta a tsakiyarsa, wani ciyawa ta rufe shi har ana tsoron maciji, wani kuma, musamman a gefen gari wajen su Rigacikun da Mando da Hayin Ɗanmani, sai ka tarar mai wurin ya shuka masara, ba za a sake ganin filin ba sai bayan girbi. Unguwannin da ke bakin Kogin Kaduna kuwa, irin su Kabala da wani sashe na Unguwar Rimi da Nasarawa, a shekarar da kogi ya yi ambaliya ba a ma zancen wasa.

Abin takaicin shi ne dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗo ne a tsakiyar wannan lokaci. Wato a watannin da yaro yake da lokaci ba shi da fili, a watannin da fili ya bushe kuma ba shi da lokaci. Turawan da muka gaji wannan tsari daga wurinsu, dogon hutunsu yana zuwa ne a lokacin da yanayinsu ya fi daɗin fita, mu kuwa muka ɗauko shi yadda yake.

Lokacin da ya fi kowane kyau shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane amma ba ta zama ƙura ba tukuna, zafi ya sauka, ga abinci ya wadata saboda kaka. Ba banza ba masu shirya gasar gudun fanfalaki ta Kaduna suka sa ta farko a watan Nuwamba na 2020, kuma wasannin cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da aka buga wasu daga ciki a nan Kaduna a 2009, su ma a Oktoba da Nuwamba aka yi su. Da ni ne kai, Malam, duk wani abu mai nauyi, irin dogon gudu da gasar ajujuwa, a zangon farko zan zuba shi.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da yanayi amma yana haɗuwa da shi. Yawancin yaranmu idan sun taso daga boko da azahar, Islamiyya suke wucewa, ba sa dawowa sai dab da magariba, in ban da Alhamis da Juma'a da ake hutu. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 7 saura, saboda haka yaro yana iya samun rabin awa ko fiye bayan an tashi, amma a Nuwamba ƙarfe 6 da kaɗan an kira magariba. Ka ga ɗan bambancin nan na awa guda da ka raina, shi ne dukan lokacin wasan wani yaron.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:

Assalamu alaikum. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Koci ya yi gaskiya a kan fili, sai dai ina so a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa: akwai lokacin da yake hana yaro motsa jiki, akwai kuma lokacin da bai hana shi ba amma yake iya cutar da shi idan ya yi. Damina ce ta farko, bazara da hunturu su ne na biyu, kuma a matsayinka na wanda aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane, na biyun ne ya kamata ya fi damunka.

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna yakan haura digiri 35 a ma'aunin salshiyas. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta hanyar zufa, kuma ba fitar zufar ce ke sanyaya shi ba, bushewarta ce a kan fata. A farkon bazara iska a bushe take, zufa tana bushewa nan take, saboda haka jiki yana samun sauƙi amma yana asarar ruwa mai yawa. A ƙarshen bazara kuwa, lokacin da hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, iska ta ɗauki danshi alhali zafi bai sauka ba, sai zufa ta riƙa tsiyaya ba ta bushewa, zafin jiki ya yi ta hauhawa. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari a shekara ga mai gudu. Alamomin da malami zai kula da su su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsokar ƙafa da kasala. Yaron da aka ga haka a tare da shi a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ko ruwan gishiri da sukari. Amma idan ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko ya suma, to a ci gaba da zuba masa ruwan sanyi a jiki a kuma garzaya da shi asibiti ba tare da jiran komai ba, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Ko hukumar FIFA ta amince da a tsayar da wasa a sha ruwa idan zafi ya tsananta, kuma an fara ganin haka a gasar cin kofin duniya a wasan Holan da Meziko na 2014 a Brazil. Idan ƙwararrun 'yan wasa suna buƙatar wannan, ina ga yaron da wataƙila ko karin kumallo bai yi ba?

Ina kuma tunatar da cewa jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a cikin zafi, saboda haka yaran da suka dawo daga hutu ba a fara musu da atisaye mai tsanani a makon farko. Abin da ke ba ni mamaki shi ne makarantu da yawa suna ajiye gasar wasanninsu ta shekara sai ƙarshen zango na biyu, a tara yara a fili tun hantsi har la'asar a cikin watan Maris, manyan baƙi suna ƙarƙashin rumfa, masu gudu suna cikin rana.

Hunturu kuma yaudararsa ta daban ce. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, wadda babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana da laushi ƙwarai, tana shiga har can cikin huhu, kuma mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin ta wanda yake zaune, ta baki ma ba ta hanci ba. Yaro mai asma shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Ya kamata ka san masu asma a kowane aji, ka tabbatar abin shaƙarsu yana tare da su a fili, ba a cikin jaka a aji ba, kuma duk ranar da hazo ya yi kauri har ba a hangen ƙarshen layi, ko hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ƙura, a bar dogon gudu. Haka nan masu sikila, waɗanda sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suke tayar musu da ciwo, ba a hana su wasa gaba ɗaya, amma ba a fitar da su cikin sanyin asuba, ba a kuma matsa musu idan sun ce sun gaji. Sannan a hunturu mutum ba ya jin ƙishi kamar yadda yake ji a bazara, ba ya ma ganin zufarsa, alhali busasshiyar iskar tana zuƙe masa ruwan jiki. Hanya mafi sauƙi da za ka koya wa ɗalibai ita ce duba launin fitsari: idan ya yi ja ko rawaya mai duhu, ruwa bai ishi jiki ba.

Game da damina, abu biyu zan ƙara. Na farko tsawa, domin fili buɗaɗɗe da gindin bishiya su ne wurare mafi muni idan ana walƙiya, kuma shawarar masana ita ce da zarar an ji cida a shiga gini, kada a koma fili sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Na biyu kududdufai da bakin kogi. Yaran da suka rasa filin ƙwallo su ne suke komawa iyo a can, ga haɗarin nutsewa, ga cutar tsagiya mai sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta take fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ruwan ta ratsa fata.

Dattijo daga Soba, mazaunin Kawo:

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Koci da na 'yata ma'aikaciyar jinya, Allah ya yi musu albarka, amma ina da ja a kan yadda aka ɗauki tambayar tun daga tushe. Kowa yana magana kamar motsa jiki shi ne ƙwallo da gudu a fili. Idan haka ne, to matasan Soba da Kubau da Giwa da Lere, waɗanda su ma 'yan jihar nan ne, ba su cikin lissafi ke nan.

A ƙauye lissafin a juye yake. Daminar da ake cewa tana zaunar da yara, ita ce lokacin da saurayi ba ya zama ko kaɗan. Tun kafin ruwa ya sauka an yi sharar gona an kai taki, ruwa na sauka a yi shuka, sai noman farko, sai maimai, sai huɗa, kuma dukkansu da fartanya da garma ake yi, daga fitowar rana har azahar, ban da tafiyar zuwa gona da dawowa. Yaron da ya wuni a kan kunya yana huɗar masara ba minti 60 ya yi ba, ya yi awa biyar ko shida, kuma damuwarsa ba ƙarancin motsi ba ce, ƙarancin abinci ce, domin a watannin Yuli da Agusta ne rumbu yake yin ƙasa kafin sabon amfani ya nuna. Wasa kuwa na kaka ne. Idan an yi girbi, ciki ya cika, aljihu ya samu ɗan abu, sai dandali ya raya: samari suna langa da kokawa, 'yan dambe suna zagaya garuruwa, 'yan mata suna gaɗa a farin wata. Iyayenmu ba su karanta ƙa'idar kowace hukuma ba, amma sun ajiye wasannin ƙarfi a daidai lokacin da Koci ya ce shi ne mafi kyau. Da rani kuma wanda yake da fadama ya koma noman rani, wanda ba shi da ita ya tafi ci-rani, kuma idan rijiyoyi suka ja baya a bazara, ɗiban ruwa kaɗai ya ishi yaro aiki.

Abin da ya faru da yaron birni shi ne an cire masa aikin, ba a kuma ba shi wani abu a madadinsa ba sai ƙwallo, ita kuwa ƙwallo tana buƙatar fili, filin kuma yana hannun ruwan sama da masu sayar da filaye. A da ɗan Kawo da ƙafa yake zuwa makaranta ko da rana ko da ruwa, yau idan zafi ya yi a sa shi a Keke Napep, idan sanyi ya yi a ce kada ya yi mura, idan hadari ya haɗu a ce ya zauna, ga waya a hannu. Yanayi bai fi na da tsanani ba har da zai kai ga haka, mu iyaye ne muka mai da kowane yanayi hujja. Garin nan da ya fitar da su Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, ai da wannan damina da wannan hunturu suka taso.

Shawarata gare ka, Malam, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Idan makarantarku tana da ɗan fili a bayan ajujuwa, ku yi gonar makaranta da damina, kowane aji da kunyoyinsa. Langa ba ta buƙatar babban fili, ba ta buƙatar takalmi ko ƙwallo, kuma wanda ya taɓa yin ta ya san cewa minti goma yana tsalle da ƙafa ɗaya ya fi rabin awa yana tsaye a gaban raga yana jiran a kawo masa ƙwallo.

Malama, Unguwar Sanusi:

Assalamu alaikum. Baba ya ambaci gaɗa a taƙaice ya wuce, ni kuma a nan nake so in tsaya, domin tun da aka fara wannan tattaunawa yara maza ake nufi ko da ba a faɗa ba. Binciken da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka wallafa a 2019, wanda ya duba ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari ba sa samun isasshen motsa jiki, kuma idan aka raba, kashi 85 ne a cikin 'yan mata, kashi 78 a cikin maza. Wannan na duniya ne baki ɗaya, amma duk wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata a garin nan ba za ta yi mamakinsa ba.

Namiji idan ruwa ya hana shi yau, gobe zai nemi wani lungun ya kafa duwatsu biyu ya ce raga ce. Yarinyar da ta kai shekara goma sha uku kuwa ba ta da wani fili a duniya sai na makaranta, domin dandalin da ake gaɗa da carafke da 'yar gala-gala babu shi a yawancin unguwannin birni, kuma babu uwar da za ta bar budurwa ta fita wasa bayan isha'i a wannan zamani. Saboda haka duk ranar da aka soke darasin motsa jiki saboda rana ko ruwa, namiji ya yi asarar kaɗan daga cikin rabonsa, ita kuwa ta yi asarar dukkansa. Za a ce ai tana aikin gida. Gaskiya ne, kuma daka da ɗiban ruwa da wanki aiki ne na ƙarfi, amma a gidan da ake kai niƙa inji, ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, abin da ya rage mata yawanci na tsaye ne ko na zaune, yana gajiyarwa amma ba ya sa numfashi ya ɗaga.

Bazara ta fi yi musu nauyi saboda tufafi. Kayan makarantar da aka ɗinka da yadin roba mai kauri, ga hijabi irinsa a sama, ba ya barin zufa ta bushe, kuma ba sai an taɓa sutura ba kafin a gyara wannan: dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi na auduga mai haske sun wadatar. A hunturu kuma abin da yake hana su shi ne kaushi da faso da tsagewar leɓe, da kuma sanin cewa idan sun yi wasa a cikin ƙura babu ruwan da za su wanke ƙafa kafin su koma aji. Bokiti biyu na ruwa da ɗan man kaɗanya ko basilin suna magance abin da wa'azi ba zai magance ba. Da damina kuwa, baranda ko ajin da aka ture kujerunsa gefe ya isa a yi tsallen igiya da gaɗa, da sharaɗin malama mace ce take kula da su, ba kuma a gaban samari ba.

Kada kuma a manta da 'yan ajin ƙarshe, maza da mata. Daga Afrilu zuwa Yuli jarabawar JAMB da WAEC da NECO suna bin juna, ga darasin yamma, kuma su ne farkon waɗanda ake cire wa lokacin wasa, alhali zaman awa takwas a kan benci cikin zafi ba ya ƙara wa kowa fahimta.

Malamin Sakandare, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ga abin da zan gabatar wa shugaban makaranta. Gasar shekara za ta dawo ƙarshen Nuwamba maimakon Maris. A zango na biyu za a ci gaba da ƙwallo da guje-guje a Janairu da Fabrairu bayan hantsi ya ɗaga, in ban da ranakun hazo mai kauri, sannan daga Maris a mayar da komai farkon safiya kafin ƙarfe 9. A zango na uku za a yi gonar makaranta da langa da wasannin baranda, kuma 'yan mata za su samu nasu lokaci da malamarsu a kowane zango. Zan kuma nemi sunayen masu asma da masu sikila daga iyaye tun ranar dawowa hutu.

Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, wato azumi. Na 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris, kuma tunda yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya a kowace shekara, nan gaba kaɗan zai shiga tsakiyar hunturu. Shin dakatar da komai ya kamata a yi a watan, ko akwai abin da za a iya ci gaba da shi?

Kocin Yara, Rigasa:

Ba a dakatarwa gaba ɗaya, Malam, domin yaron da ya yi wata guda bai motsa ba, bayan salla sai ka sake farawa da shi kamar daga farko, kuma a lokacin ne ake samun targaɗe. Abin da muke yi shi ne mu rage nauyi mu kuma sauya lokaci. Manyan yara suna yin atisaye marar tsanani na kamar minti 30 dab da shan ruwa, yadda da sun gama za su samu abin sha, wasa mai ƙarfi kuma sai bayan tarawihi ga waɗanda unguwarsu take da fitila da tsaro. A makaranta, inda safiya kaɗai kake da ita, kada ka sa mai azumi gudu da sassafe ya ƙarar da ruwan jikinsa alhali yana da sauran awa goma a gabansa. Miƙe gaɓoɓi da tafiya da sauri da jefa ƙwallo sun isa, ƙananan da ba su fara azumi ba kuma su ci gaba da wasansu kamar kullum. Idan azumin ya koma cikin sanyi za ka iya ƙara musu kaɗan, amma ka riƙa tuna musu abin da Anti ma'aikaciyar jinya ta faɗa a kan hunturu, su sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur ko da ba su ji ƙishi ba.